Mamaci ya bar bashi: don me wani ya kwashe nasa cif, wani aka ce ya jira?

Baban Hauwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga malamai da lauyoyin da ke cikin zauren ga, don abin ya tsaya min a rai. Wani abokin kasuwancina, maƙwabcin shagona a Sabuwar Kasuwa, Allah ya yi mai rasuwa. Mutumin kirki na, ba ni ambaton sunanai. Bayan sadakar ukku anka yi zama don a san abin da yab bari da abin da ake bi nai. Ni na ba shi rancen naira miliyan biyu, da takarda da shaidu. Akwai mai riƙe da motatai jingina kan miliyan ɗaya da rabi. Akwai wanda yak kawo ajiyar shinkafa buhu 40 a sitonai. Akwai dilan da yab ba shi taliya da man gyaɗa bashi, wasu katan ɗin ko buɗe su ba a yi ba. Akwai kuma wanda yas sayi hili gare shi a Kwannawa, ya biya, ba a dai canza takardu ba.

Malamin da yaz zauna kan rabon ya ce mai shinkafa ya kwashe kayanai, a sai da mota a fara biyan mai jingina, ni ko in jira abin da yar rage mu raba da sauran. Kuma abin da yar rage ba ya isa. To mi ab bambanci? Duk bin shi muke. Nawa ma ya riga nasu daɗewa.

Ɗan Wurno:
Allah shi jiƙanai da rahama. Ni ma dai ina ganin wanda ya riga ba da kuɗɗinai shi ya kamata a fara biya.

Malam Liman:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙansa, ya sauke masa nauyi. Alhaji, malamin nan bai zalunce ka ba. Abin da ya faɗa shi ne jerin da ke cikin Muktasar na Shehu Halilu a babin gado, kuma da shi alƙalanmu ke aiki. Farko a fitar da haƙƙin da ya rataya da wani abu takamaimai, kamar kayan jingina. Sai kuɗin likkafani da binnewa, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada.

Ka ce duk binsa kuke. Ba duka ba. Mai shinkafa ba ya bin mamaci ko kwabo. Shinkafarsa ce tun ranar da ya kawo ta har yau, wurin kwana kawai aka ba ta. Ba ta taɓa shiga dukiyar mamaci ba, balle a raba ta. Kai kuwa ranar da ka miƙa masa miliyan biyu rance, kuɗin sun fita daga mulkinka sun zama nasa, ya juya su yadda ya ga dama, riba tasa, asara tasa. Abin da ya rage maka shi ne zai biya ka kwatankwacinsu, kuma wannan a wuyansa yake, wato a zimmarsa. Masu bin zimma kuwa kafaɗa ɗaya suke, na bara da na jiya, ba a duba wanda ya riga. In basussukan miliyan shida ne, abin da ya rage miliyan uku, kowa rabin nasa zai karɓa. Kai miliyan ɗaya ke nan.

Barista:
Allah ya gafarta Malam, a wannan gaɓar dokar ƙasa da fiƙihu bakinsu ɗaya. Duk wanda ya shigo ofishina da irin wannan magana, tambayar farko da nake masa ita ce: haƙƙin nan naka, wa za ka iya kamawa da shi? In amsar ita ce duk wanda abin ya faɗa hannunsa, to haƙƙinka a kan dukiya yake. In kuwa mutum ɗaya ne tak, wanda kuka ƙulla da shi, to haƙƙinka a kan mutum yake.

Da 'ya'yan mamaci za su ɗebi shinkafar nan su sayar wa wani ɗan kasuwar Illela, mai ita yana da ikon bin ta har can ya ce a ba shi kayansa, domin a ƙa'ida mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba, ban da 'yan wurare kaɗan da doka ta keɓe. Wanda ya saya sai ya koma kan wanda ya sayar masa. Amma kai Alhaji, ko ka san shagon da marigayi ya kai kuɗinka ya saro kaya, ba ka da ta cewa da mai shagon. Mai jingina ya ɗaura igiyarsa a jikin mota, kai ka ɗaura taka a ƙugun mutum. Mutumin ya tafi, motar tana nan.

Baban Hauwa:
Na ji, amma wagga magana da ciwo take. Ke nan wanda ya yarda da ɗan uwanai shi ke kwana ciki? Ni kunya ta hana ni ce mai ya kawo jingina. Mutumin da muke cin abinci kwano guda. Kuma takardar da munka rubuta mi ta amfana min?

Barista:
Ta amfane ka ƙwarai. Ba don ita ba, da yanzu rantsuwa da neman shaidu ake yi kafin ma a yarda kana binsa. Takarda tana tabbatar da bashi, ta shigar da kai cikin masu rabo. Abin da ba ta yi shi ne ta tsallakar da kai gaban sauran.

Malam Liman:
Maganar kunya ita nake so in tsaya a kai, don ita ke cinye dukiyar mutane a garin nan. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kan rubuta bashi ta sauka. Ta 283 da ke bi mata ta kawo jingina abin karɓa a hannu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude kan sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, Buhari ya ruwaito. In mafificin halitta ya ba da jingina, wane ne za a nemi jingina wurinsa ya ce an ci masa mutunci? Ladan rancenka yana nan wurin Allah, Alhaji, babu wanda zai rage maka shi. Amma neman jingina ba rashin yarda ba ne.

Sai dai ku bincika abu biyu game da motar nan. A mazhabarmu jingina ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin mai bashi ya mutu ko ya karye, kuma sai shaidu sun ga karɓar da idonsu. In motar tana ajiye ƙofar gidan marigayi har ya rasu, da baki kawai aka ce jingina ce, to mai jinginar ya dawo cikinku ya zauna. Na biyu, mai jingina ba ya cinye abin jingina. A sayar da motar, ya ɗauki miliyan ɗaya da rabinsa, rarar ta koma cikin abin da za ku raba. In ba ta kai ba, ragowar ya bi ku layi.

Baban Hauwa:
Motar tana gidan mai jinginar tun kafin azumi, da makulli da takardu, kowa ya sani. Wannan kam ba ni da ja.

Mai Kanti:
Malam, ni dilan taliyar nan nake tausayi, don sana'ata ke nan. Katan ɗinsa ga su nan a jere da tambarin shagonsa, ko selotif ba a ɓare ba, ba a biya shi ba. Ai shi da mai shinkafa ɗaya ne ko?

Malam Liman:
Ba ɗaya ba ne. Mai shinkafa ajiya ya kawo, dila sayarwa ya yi. Da aka ƙulla ciniki kayan sun zama na marigayi, dila ya koma mai bin kuɗi. Akwai hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim, cewa wanda ya tarar da kayansa da kansu wurin mutumin da ya karye, shi ya fi kowa cancanta da su. Amma Imamu Malik ya raba tsakanin karyewa da mutuwa. In mai bashin yana raye, dila ya ɗauki katan ɗinsa, domin sauran masu bi suna da sauran fata, mutum yana iya farfaɗowa gobe su bi shi. In ya mutu, wannan fatan ya yanke, abin da ke ƙasa shi ke nan, saboda haka dila ya zauna daidai da kowa. Shi ma mai ajiya, da an buɗe sito ba a tarar da shinkafar ba, da ta koma bashi a kan abin da aka bari.

Mai Kanti:
Innalillahi. Wallahi rabin kayana haka suke a shagunan mutane, daga nan har Bodinga da Achida.

Barista:
To ka saurara da kyau, don a kotunan dokar ƙasa abin ya fi haka tsauri. Dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila, da dokokin jihohi da suka bi sawunta, ba su ba mai sayarwa damar komawa ya kwashi kaya ba bayan mallaka ta wuce kuma ya miƙa su. Kuɗi kawai zai nema. Mafita biyu ce. Ko ku rubuta tun farko cewa kayan suna nan naka har sai an gama biya. Ko kuma ka ba da su a kan a sayar a kawo maka kuɗi a cire la'ada, wanda a nan mai shagon wakili ne, kayan amana ne a hannunsa.

Na sha ganin littafin bashin 'yan kasuwarmu. Suna a hagu, "taliya 20, mai 10" a tsakiya, kuɗi a dama, in an biya a ja layi. Babu inda aka ce sayarwa ce ko ba da kaya a sayar. Ranar da mutuwa ta zo, wannan kalma ɗaya da ba a rubuta ba ita ke raba wanda zai ɗauki kayansa da wanda zai karɓi rabin kuɗinsa.

Maman Sadiq:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Kun yi ta lissafin 'yan kasuwa, ba wanda ya tuna da matar mamacin. Mu mata a nan ake kwararmu. Mace za ta sayar da sarƙarta ta gwal, ko ta kwashi adashinta, ko gadon ubanta, ta ba miji ya ƙara jari, ba takarda ba shaida, don wa ke rubutu da mijinsa? Ran da ya rasu sai dangi su shigo da biro da takarda suna ƙirga firij da keken ɗinki da awakin da ke tsakar gida, duk a ce na mamaci ne. Ita tana cikin takaba, ba ta iya ɗaga murya. Na ga wadda aka yi wa haka a unguwarmu, har gadon da take kwana a kai sai da aka sa a lissafi.

Malam Liman:
Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, wannan zalunci ne kuma ba shari'a ba ce. Kayan ɗakin mace da abin da ta saya da kuɗinta da dabbobin da take kiwo nata ne, hukuncinsu hukuncin shinkafar nan. Aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata. A fitar da nata tun kafin a fara ƙirga. Kuɗin da ta ba shi rance, da ragowar sadakinta in bai cika ba, bashi ne, ta zauna tare da su Alhaji a raba da ita. Bayan wannan duka ne ake maganar tumuninta in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu. Haƙƙi uku ne daban-daban, mutane ke dunƙule su su miƙa mata tumuni kaɗai.

Maman Sadiq:
To sarƙar da ya sayar fa, Malam?

Malam Liman:
In da yardarta ya sayar ya zuba a kasuwa, ta zama bashi a wuyansa, sai ta kawo shaida. Shi ya sa ko 'yan uwanta biyu ta sanar a lokacin, ya fi shiru.

Kawu Dillali:
Ku dawo kan hilin Kwannawa, nan ab babbar rigima. Na san masu bin bashi za su ce tunda takarda na ɗauke da sunan mamaci, a sai da shi a raba.

Malam Liman:
Ba su da wannan. Ciniki ya ƙullu, an yi tayi an sallama, mulki ya koma ga mai saye tun a ranar. Ko da ma bai gama biya ba filin nasa ne, cikon ne zai kawo a zuba cikin abin rabo. Filin ya fita daga dukiyar mamaci tun yana da rai.

Barista:
A nan zan ɗan bambanta da Malam, da girmamawa. Sai mun ga wace takarda filin ke da ita. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 1, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ni da kai ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, galibi na shekara 99 in C of O ne, wato takardar shaidar riƙe fili da gwamna ke bayarwa. Sashe na 22 ya ce mai irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. In takardar ƙaramar hukuma ce, sashe na 21 ne ke aiki. Saboda haka mai sayen nan, a idon wannan doka, bai kai ga cikakkiyar mallaka ba tukuna. Yana tsakiya. Ya fi mai bin bashi ƙarfi nesa ba kusa ba, kotu za ta iya tilasta magada su ƙarasa masa cinikin, masu bin bashi ba za su taɓa filin ba. Amma in magada suka sayar wa wani da bai san da cinikin farko ba, ya biya, ya samu amincewa, ya yi rajista, to mai sayen farko yana iya wayar gari ba shi da komai sai neman kuɗinsa.

Malam Liman:
Barista, sa hannun gwamna ba ya cikin sharuɗɗan ingancin ciniki a shari'a. Magajin da ya sayar da filin da ya san ubansa ya riga ya sayar, haram ya ci, ko takarda nawa aka buga masa.

Barista:
Ban musa ba ko kaɗan, Allah ya gafarta Malam. Haram ya ci. Ni ina magana ne kan abin da zai faru in an je gaban alƙali. Rabon gado kotun shari'ar Musulunci ke yi, amma rigimar mallakar filin da ke da C of O, sashe na 39 na dokar ya kai ta Babbar Kotun Jiha. Can kuwa da wannan doka za a auna.

Ɗalibar Lauya:
In ƙara kan maganar Barista, mu a Arewa abin ya girmi 1978. Tun dokar Turawa ta 1910 aka sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, dokar 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba a kan haka, ta 1978 kusan faɗaɗa tsarinmu ta yi zuwa ƙasa baki ɗaya. Kuma har banki wannan tarko ya taɓa kamawa. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda ba a nemi amincewar gwamna ba. Bankin yana ganin ya riƙe gida, sai ya tarar bashi kawai yake bi. Amma ita ma C of O ba ta wanke komai. A shari'ar Ogunleye da Oni, 1990, kotun ta nuna takardar ba ta ba mutum filin da dama akwai mai haƙƙi a kansa.

Kawu Dillali:
Ɗiyata kin yi karatu, Allah shi yi albarka. Ni abin da nike gaya ma duk wanda na sai ma hili: ran da kab biya, ka kai tipar yashi da bulo, ka ja ko layi ukku na katanga, ka kai takardar gaban mai unguwa, ka gaisa da maƙwabta na gabas da yamma. Hilin da ba kowa kai shi ake saidawa sau biyu.

Barista:
Shawarar Kawu tana da tushe a doka. Wanda ya biya kuma ya shiga filin, duk mai zuwa saye daga baya ana ɗaukarsa ya sani, domin da ya je ya duba da ya ga katanga ya yi tambaya. Ya kamata mutumin Kwannawa ya yi wannan a makon nan, sannan ya nemi magada su sa masa hannu a fara neman amincewa tun ana shiri da juna.

Baban Hauwa:
To ragowar miliyan ɗayan fa? Ɗiyanai manya na, biyu na aikin gwamnati. Ina iya bin su?

Barista:
A'a, sai in ɗayansu ya tsaya masa lamuni tun farko, ko ya ɗauki bashin a kansa yanzu da bakinsa. Bashi yana bin abin da mamaci ya bari, ba ya tsallakawa aljihun magada. Amma in marigayi yana da kaso a gidan gadonsu da ba a raba ba, wannan kason yana cikin abin da za a biya ku da shi. Ku tambaya.

Malam Liman:
Haka ne, ba a tilasta su. In an zo sayar da kason gidan kuma, 'yan uwansa da suke tarayya suna da shufu'a, su suka fi cancanta su saya a farashin da aka tsayar. Sai dai a tuna wa 'ya'yan hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya masa. Ka same su cikin mutunci, Alhaji. Da yawa in an yi musu bayani suna biya ko da kaɗan-kaɗan ne. In kuma ka yafe, wannan tsakaninka da Ubangijinka.

Ɗan Wurno:
Tunda ana maganar jingina, ga tamu. Kakanmu ya jinginar da gonar fadama ga wani, duk sun rasu. Ɗiyan mutumin na noman albasa ciki sama da shekara talatin. Mun kai kuɗɗin fansa, sun ce ai hauzi, wato daɗewar riƙo, ya ba su, wai shekara goma ta wuce tuni.

Malam Liman:
Hauzin shekara goma gaskiya ne a mazhabarmu, amma yana amfanar wanda ba a san ta yadda ya shiga ba, mai abu yana gari yana kallo bai yi magana ba, ba tare da wani uzuri ba. Wanda aka san ta ƙofar jingina ko aro ko haya ya shiga, daɗewa ba ta mayar da shi mai gona. Su kuɗi suke bi, ku ke da gona. Cin amfanin gonar ma, in asalin bashin rance ne, malamanmu ba su halatta shi ba, don rance ne da ya jawo amfani.

Barista:
Kotunan ƙasa ma sun daɗe a kan cewa jinginar gargajiya ana fansarta komai daɗewa. Shari'arku gaba ɗaya za ta tsaya ne kan abu guda: jingina ce ko sayarwa? Su za su ce kakanku sayarwa ya yi, kuma ku da kuke da'awa ku za a nema wa hujja. Akwai sauran dattawan da suka halarci ƙullawar?

Ɗan Wurno:
Akwai tsoho guda da gonarshi ke iyaka da tamu, da wani ƙanen kakanmu. Duk sun tsufa ƙwarai.

Barista:
To kada ku jira a cire albasar bana. Ku ɗauke su ku je gaban hakimi da kuɗin fansar a hannu, a kira ɗaya ɓangaren, a rubuta abin da kowa ya faɗa. In ba a daidaita a can ba, ku shigar da ƙara tun tsofaffin nan biyu suna iya zuwa kotu su yi magana da bakinsu.